Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kayan Tarihi Ta Guwatemala: Ku Sa A Tono Madafar Fada

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Nazarin Ɗan Adam da Tarihi ta Guwatemala, wato IDAEH, da shugabannin ayyukan tono da ke aiki da izininta a yankin Peten.

Ranku ya daɗe,

Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe da mutanenku da ke cikin daji suna fama da sauro da laka. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Hausa. Sau ɗaya Allah ya nufe ni da taka ƙasarku, na yi mako uku tsakanin Tikal, tsohon babban birnin Maya, da garin Sayakce da kufan Aguwateka, na dawo da wata magana da ta ƙi barin raina. Na sani mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ku kuka san nauyin da ke wuyanku tun da aka kafa wannan cibiya a 1946. Amma ku ne ke sa hannu a takardar izini kafin kowa ya kafa diga a fadar wani sarkin Maya, mutanen nan na Amurka ta Tsakiya da suka gina manyan birane a zamanin da, don haka gare ku ya dace in kawo kukana. Da Hausa na rubuta, domin da ita nake tunani, kuma ina so ɗalibaina su karanta tun kafin a fassara muku.

Kakata ta wajen uwa ta yi shekara talatin da wani abu tana niƙa da girki a gidan wani hakimi. Ina yaro nakan kwana wurinta. Tun kafin kiran assalatu za ka ji gurzar dutse, tana durƙushe, zani ɗaure a ƙirji, tana tura ɗan dutse gaba tana jawo shi baya, garin dawa na zuba a faifai. Gwiwoyinta sun yi kanta kamar na raƙumi. In ta shafa maka fuska sai ka ji kaushin tafin hannunta. Duk baƙon da ya sauka a zauren hakimi, mai kawo ƙara ne ko mai kawo haraji ko ɗan sarkin da ya fito rangadi, daga hannunta da na matan da ke tare da ita ya ci tuwo. Yau gidan nan kango ne. In ka je, yara za su nuna maka zaure, da soron da hakimi ke shari'a, da dakalin da dogarai ke zama. Madafa kuwa, da yake rumfar zana ce da ɗan gajeren bango, damina biyu ta ishe ta. Ba mai iya nuna maka inda take sai irina da muka san ta, sai kuma wani tsohon dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, yana kife cikin ciyawa.

Da wannan idon na shiga babbar fadar tsakiyar Tikal. Gine-gine arba'in da 'yan kai ne a kewaye da tsakar gida shida, wani bisa wani, an yi ta ƙari, ana toshe wannan ƙofa ana buɗe waccan, har tsawon ɗaruruwan shekaru. Ɗakunan ƙunci gare su, domin maginan Maya ba su yi baka irin namu ba. Jera duwatsu suke yi, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasansa, har bango biyu su haɗu a sama, kuma irin wannan rufi ba ya yarda da faɗi. A ɗakuna da yawa akwai dakali na dutse da aka shafe da farar ƙasa. Nan ake zama, nan ake kwana, nan ake karɓar gaisuwa. A gefen ƙofofi ga 'yan ramukan da ake ɗaura igiyar labule. Na tsuguna na duba zane-zanen da wasu suka karce a jikin shafen bango da tsinin wani abu, mutane da gine-gine da dabbobi, irin abin da hannu ke yi in mutum ya daɗe yana zaman jira. Na tsaya gaban gidan da aka ba lamba 5D-46, wanda aka tarar da tukunya a binne ƙarƙashin matakalarsa, da rubutu a jikinta cewa gidan sarki Chak Tok Ich'aak ne, sarkin da ya mutu a 378 miladiyya. Magadansa sun yi ƙarnuka suna gini a kewaye da shi ba su rushe shi ba. Abin ya burge ni ƙwarai da gaske. Amma ban daɗe ba tambayar da kowace mace a garinmu za ta fara yi in ta shiga gida mai girma haka ta faɗo mini: to, a ina ake girki? Wa ke ɗebo ruwa? Barori ina suke kwana?

Sai bayan na dawo gida na koma ga rubuce-rubucen masana na tarar Peter Harrison, wanda ya tona wurin a shekarun 1960 ƙarƙashin aikin Jami'ar Pensilbaniya, ya riga ni yin wannan tambaya. Har ya gano wani wuri a ƙasa, can gefen kudu kusa da tafkin fada, mai tarin juji, wanda ya ɗauka madafa ce. Na wuce ta kusa da wurin ina ɗaga kai ina kallon benaye, ban san na wuce ba.

Ba yau aka fara kallon sama a manta da ƙasa ba. A 1787 Kyaftin Antonio del Río ya shiga fadar Palenke, a Meksiko ta yau, da umarnin masarautar Sifen, ya kuma rubuta a rahotonsa cewa bai bar ɗaki ko lungu ko tsakar gida ko hasumiya da bai haƙa ba. Ƙafar karagar sarki da ya ɓalle tana Madrid har yau. A 1877 aka ciro azarorin ƙofa masu sassaƙa daga haikalan Tikal, na icen nan da ake tatsar ƙaron cingam, Gustav Bernoulli ya sa aka kai su Basel ta Suwizalan. Abin da ke da zane kuma yake ɗaukuwa, shi ake nema. Daga baya ilimi ya gyaru. A 1952 Alberto Ruz ya buɗe kabarin Pakal, sarkin Palenke. A 1960 Tatiana Proskouriakoff ta nuna, daga duwatsun tsohon birnin Piyedras Negras, cewa rubutun Maya tarihin mutane ne: ranar haihuwa, ranar hawa gado, ranar mutuwa. Yau ɗalibina zai iya gaya maka Pakal ya hau gado a 615 yana ɗan shekara 12, ya buɗe farin ɗakinsa na cikin fada a 654, ya rasu a 683. Wannan babban rabo ne, kuma ina jinjina wa waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a kai. Sai dai rubutun nan sarki ne ya sa aka yi shi, kuma sarki ba ya sa a sassaƙa sunan mai niƙa masa masara. In aka bar rubutu ya ja akalar tono, inda sarki ya nuna da yatsa nan za a yi ta haƙa.

Aguwateka ce ta nuna mini abin da ake samu in an yi haƙuri. Daga Sayakce aka ɗauke mu a kwale-kwale mai inji, muka bi kogin Peteshbatun, muka sauka muka kama hawan tudu, gumi na tsiyaya. Garin yana bisa gaɓar dutse, wani tsagi mai zurfin gaske ya ratsa shi, ga ragowar ganuwar da mutanensa suka tayar da tsoro ya kama su. Wajen shekara ta 810 abokan gaba suka ci garin da yaƙi, suka cinna wa tsakiyarsa wuta. Mazauna gidajen da ke kusa da fada ko dai sun gudu ko an kama su, kayansu na nan inda suka ajiye, rufi ya rubzo a kai. Daga tsakiyar shekarun 1990 Takeshi Inomata da Daniela Triadan da abokan aikinsu 'yan Guwatemala suka tone gidajen nan ɗungurungum, ciki da waje da bayan gida, kowane tsingaro sai an rubuta inda yake kwance kafin a ɗaga shi.

Ita fadar kanta kusan a share aka same ta. Alamu sun nuna 'yan gidan sarauta sun fice tun kafin ranar ƙarshe. Sun kwashe abin da za su iya ɗauka, sauran suka tara a ɗaki guda suka toshe ƙofarsa: siraran fuskokin yumɓu na rawar sarauta, da ganguna, da madubi, da kayan ado na ƙashi da na ƙwanson teku. Da fadar kaɗai aka tona, da iyakar labarin ke nan. Sauran labarin yana gidajen fadawa. A wani gida an tarar da ƙwanson katantanwar teku da aka yanka aka mai da shi kurtun tawada, da 'yan ƙananan turame na daka launi. Gidan marubuci ne. A wani an sami gatura na dutse masu santsi, irin na sassaƙa. A wani kuma gutsattsarin madubin dutse mai ƙyalli da ake sake yankawa. Ashe masu zanen fada da masu sassaƙarta 'yan manyan gida ne, da hannunsu suke aiki, a ɗakunan da suke kwana.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsarin ɗakunan. Na tsakiya na karɓar baƙi ne, da dakalinsa. Amma a ɗakin gefe ga dutsen niƙa da ɗansa, ga manyan tuluna, ga tukwanen girki, ga gululun mazari da allurai na ƙashi. Mata ne a nan, suna dafa masara da ruwan farar ƙasa, su wanke, su niƙa, su yi kaɗi, su yi saƙa, taku kaɗan daga inda maigida ke zanen sarki. Har ƙasar daɓen an ɗiba an auna, domin inda abinci ya daɗe yana zuba sinadarin fosfet yakan taru, don haka ko murhu ya ɓace ana iya cewa nan aka yi girki, nan aka ci, nan ake watsa ruwan wanke-wanke. Na tsaya a bakin ɗaya daga cikin ɗakunan nan, rana na dukan ƙeyata, sai na ji kamar gurzar dutsen kakata kafin assalatu. Masarar da muke tuwo da ita yau, da barkonon da ke cikin miyarmu, daga wancan ɓangaren duniya suka zo mana. Matan nan sun riga iyayenmu sanin wahalar masara da ɗaruruwan shekaru.

Za ku ce Aguwateka sa'a ce, wuta ce ta adana ta, yawancin fadoji kuwa sannu a hankali aka bar su, aka kwashe aka share. Haka ne. Amma ba a share juji, kuma daɓe yana riƙe abin da ya sha. A 2020 masana daga Jami'ar Sinsinati suka fitar da sakamakon awon lakar tafkunan Tikal. Tafkin fada da na haikali sun cika da zaiba, wadda ruwan sama ya wanko daga jan launin da ake shafa wa gine-gine da gawarwakin manya. Sun kuma cika da fosfet, wanda masanan suka danganta da sharar madafar fada da aka yi ƙarnuka ana zubarwa a bakin tafkin, har gansakuka mai guba ta samu wurin yaɗuwa, daidai lokacin da fari ya matsa a ƙarni na tara. Dutse na ƙarshe mai kwanan wata a Tikal na 869 ne. Kowa na tambayar me ya sa aka bar wannan gari, ga shi wani yanki na amsar yana kwance a bolar bayan madafa.

Maƙwabtanku ma sun ga irin haka. A 2011 hukumar kayan tarihi ta Meksiko, wato INAH, ta sanar da gano madafar fadar Kaba a Yukatan, da tsingaro fiye da 30,000 da duwatsun niƙa da kayan yanka. A Kalakmul kuwa, a 2004, aka buɗe wani gini aka tarar da zanen bango na ƙarni na bakwai wanda ba sarki a ciki. Mutane ne da kayan abinci, kowa da rubutu a gefensa: mai kunu, mai gishiri, mai taba, mai tukwane. Akwai wata mace cikin shuɗiyar riga shara-shara ta kama wata ƙatuwar tukunya da ke kan wata mata, kamar yadda ake yi wa mutum ɗauki ko sauke a bakin rijiya. Na nuna wa ɗalibaina hoton, wata yarinya ta ce ai wannan kasuwar ƙauyensu ce. A zanen Bonampak ma, gefen karagar sarki, an zana ƙunshi da rubutu a jikinsa cewa ƙwayar koko ce sau 8,000 har biyar, wato 40,000. Wani ya noma ta, wani ya shanya, wani ya ƙirga, wani ya ɗauko a baya ya ratsa daji.

Roƙona ke nan, ranku ya daɗe. Duk wanda ya zo neman izinin tona fada, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ku tambaye shi ina yake zaton madafa take, ina rumbu, ina makwancin barori, ina juji, kuma kwana nawa da kuɗi nawa ya ware musu. Ku sa shi cikin sharuɗɗan izini, kada a bar shi ga ganin damar mai tono, domin mai ba da kuɗi hoton karaga da kabari yake so, kuma in lokaci ya ƙure bayan gida ne ake fara yafewa. A ɗebi ƙasar daɓe a auna kafin a share shi a gyara don masu yawon buɗe ido. Kada a jibge ƙasar da aka haƙo daga soron sarki a kan 'yan tudun da ke bayansa ba tare da an duba su ba, domin sau da yawa ɗan tudun da bai kai gwiwa ba shi ne gindin rumfar da aka ciyar da fadar gaba ɗaya. Sharar da ake tararwa cikin ɗakunan fada ita ma a girmama ta. A Tikal, bayan sarauta ta faɗi, wasu mutane sun shiga ɗakunan nan sun zauna, sun yi girki, sun bar jujinsu a ciki. Su ne mazauna fadar na ƙarshe. Tono sau ɗaya ake yin sa. Abin da shebur ya kwashe ba a rubuta ba ya tafi ke nan.

Akwai kuma magina. Mutanen da suka tayar da fadojin nan ba su da ƙarfe, ba jaki, ba amalanke. Da dutse suka fasa dutse, da igiya a goshi suka ɗauko shi a baya, suka sare itace mai yawa suka ƙona dutsen farar ƙasa don shafe. A Aguwateka akwai wani haikali da yaƙi ya tarar ana cikin gina shi, aka bar shi rabi, har ana iya ganin yadda aikin ke tafiya mataki mataki. Masu sassaƙa kam wani lokaci sun sami sa hannu. A dutse na 12 na Piyedras Negras mutum takwas ne suka rubuta sunayensu. Masu ɗauko dutsen ba su sami ko ɗigo ba.

Wannan ne ya kai ni ga abin da ya fi ci mini rai, domin na ga irinsa da idona, kuma a raye. A wani wurin tono da ba zan kira sunansa ba, na zauna a inuwa da wani dattijo ɗan ƙabilar Kekchi, ɗaya daga cikin ƙabilun Maya na yau, muna magana ta bakin tafinta. Ya yi rani ashirin da wani abu yana wannan aiki. Ya ja ni bakin rami ya ɗauki cokalin magini ya ƙwanƙwasa ƙasa a wuri biyu, ya sa ni in kasa kunne. Ni duk ɗaya na ji. Ya sake, a hankali, sai na fara rarrabewa: ɗaya sautin ya mutu, ɗaya yana da ɗan amo. Mai amon, in ji shi, daɓe ne a ƙasa, saura kamar faɗin yatsa biyu. Ya kankare da gefen cokali, sai ga farin shafe ya bayyana. Ya murza ƙasa tsakanin yatsunsa ya nuna mini bambancin wadda ruwa ya kawo da wadda mutum ya zuba. Ɗalibai na zuwa daga jami'o'i kowace shekara, shi ke nuna musu inda bango ya ƙare. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin rahoton abin da suka tono. Ya girgiza kai. Rahoto yana babban birni, da Sifaniyanci ko Ingilishi, shi kuwa karatunsa bai kai can ba. Bai faɗa da fushi ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Fadar da aka gina da hannun mutanen da ba a rubuta sunansu ba, yau ana tone ta da hannun jikokinsu, kuma sau da yawa abin da ke kai wa ga takarda layi ɗaya ne na godiya ga leburori. Wannan a hannunku gyaransa yake, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A rubuta sunan wanda ya tona kowane rami a gefen lambar ramin, kamar yadda ake rubuta na ɗalibin da ya riƙe littafi. Wanda ya yi shekaru yana aikin nan a ba shi takardar shaidar ƙwarewa daga gare ku, wadda zai nuna wa aiki na gaba a biya shi ladan gwani. Ƙa'idarku ta riga ta wajabta wa kowane aikin baƙi ya sami ɗan ƙasa cikin shugabanninsa, ya kuma miƙa rahoto da Sifaniyanci, kuma tun 1987 masana ke taruwa kowace shekara a babban birni suna baje abin da suka gano. Wannan ya canza abubuwa da yawa. Taku ɗaya ya rage ya kai ga mutumin da ke cikin rami.

Kankuwen, wani tsohon birnin Maya a Peten, ta isa shaida cewa hakan na da amfani. A 2000 Arthur Demarest da Tomás Barrientos suka sanar da girman fadar da ke bakin kogin Pasiyon, mai ɗaki fiye da 170 a kewaye da tsakar gida 11, wadda sarki Taj Chan Ahk ya faɗaɗa a ƙarni na takwas. Aikin ya jawo ƙauyukan Kekchi na kewaye a jika. Da ɓarayin kayan tarihi suka sace wani dutse mai sassaƙa na filin ƙwallon garin, dattawan ƙauye ne suka kawo labari, har aka ƙwato shi a 2003. Ba 'yan sanda ne suka fara ji ba, mutanen da suka ɗauki wurin nasu ne. A 2005 kuma aka tarar da ƙasusuwan mutum 31 a cikin tafkin da ke bakin fadar, maza da mata da yara, an kashe su wajen shekara ta 800, aka kuma sami sarki Kan Maax a wani kabari marar zurfi can gefe. Waɗanda aka kira su duba ƙasusuwan su ne masanan gidauniyar nan da ke tone kaburburan yaƙin basasarku, yaƙin da ya ƙare a 1996, wanda hukumar bin diddigi ta ce ya ci mutum kimanin 200,000 tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓace, kuma kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne. Duk wanda ya san wannan ba zai iya kallon ɗan Kekchi yana tankaɗe ƙasar fada a rariya ya ɗauka hannu ne kawai aka yi haya ba.

Ƙidayar 2018 ta nuna kusan kashi 42 cikin ɗari na mutanen Guwatemala 'yan Maya ne. Ƙasarku ta amince da harsunan Maya 22, tana da dokar harsunan ƙasa tun 2003, kuma yarjejeniyar 1995 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta ce suna da ta cewa wajen kula da wuraren kakanninsu. Tun 1987 Linda Schele da abokanta suka fara zama da masu jin harsunan Maya a Antiguwa suna koya musu karanta tsohon rubutun, kuma yau akwai 'yan Maya da ke koya wa 'yan uwansu. Hanya a buɗe take. Ku wajabta wa kowane aiki, kafin a naɗe tanti a ƙarshen rani, a tara mutanen ƙauye mafi kusa a gaya musu abin da aka gano da harshensu, a bar musu 'yan shafuka da hotuna a makarantar garin, a kai wa gidan rediyon yankin ya karanta. Na san ɗacin wannan abu, domin mu ma tarihinmu da yawa da harshen wasu yake a ajiye, a ɗakunan karatun da iyayenmu ba su taɓa takawa ba.

Binciken da gidauniyar PACUNAM ta yi daga jirgin sama da hasken leza a 2016 ya leƙa ƙarƙashin dajin Peten a fili fiye da murabba'in kilomita 2,100, ya nuna gine-gine sama da 60,000. Fadoji kaɗan ne a ciki. Mafi yawa gindin ƙananan gidaje ne. Za a yi ta kawo muku takardun neman buɗe sabbin fadoji. Wanda ba shi da kuɗin rufi da mai gadi na shekaru masu zuwa, ku sa ya mayar da ƙasa bayan ya gama rubutu da ɗaukar hoto, domin shafen da ya yi shekara dubu lafiya a binne, damina kaɗan da saiwar itace da jemagu sun isa su zubar da shi.

Abu na ƙarshe ƙarami ne. A wurin nan na gefen kudu na fadar Tikal, kusa da tafki, inda Harrison ya ga alamun madafa, ina roƙon a kafa allo babba wanda baƙo ba zai wuce bai gani ba, da Sifaniyanci da Kekchi da Itza, wani harshen Maya na yankin. A zana mace durƙushe gaban dutsen niƙa, a rubuta cewa daga nan aka ciyar da mutanen benayen da ke sama. In an kafa, ina so in sami hotonsa in manna a bangon ajinmu, kusa da na Pakal.

Na gode da haƙurin karantawa. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani malamin tarihi daga ƙasar Hausa